Ina dangin Sufeto da Saje?

Wata dattijuwar Baturiya ta faɗa min magana a laburaren unguwarmu, kuma har yau maganar tana ci min rai. A nan Lesta, a Ingila, laburaren unguwa na ƙaramar hukuma ne, ba a biyan ko sisi kafin a ari littafi. Namu yana da zaman masu karatu sau ɗaya a wata. Ma'aikaciyar wurin takan nemo mana littafi iri ɗaya, kowa ya tafi da nasa gida, in wata ya zagayo a haɗu a tattauna. Ɗakin da muke zama mai kafet ne ruwan toka, da kujerun roba a jere a zagaye, da butar lantarki a kan tebur. Kowa shi yake haɗa shayinsa, babu mai zuba wa wani. Wata takan zo da biskit a gwangwani, a miƙa shi hannu zuwa hannu. Yawancinsu mata ne da suka yi jika, ni kaɗai ce baƙar fata, ni kaɗai ce mai mayafi. Na shiga cikinsu ne don aikina na jinya ne, yawanci da dare, ina son wurin da zan yi hira da masu lafiya.

Littafin da aka ba mu na binciken kisa ne, kuma shi ne na farko da marubuciyarsa ta fitar. Ba talla na zo yi ba, don haka ba zan kama sunansa ba. An tsinci gawar wani tsoho a gidansa a wani ƙaramin gari na arewacin Ingila, makonni bayan ya mutu. Mai raba wasiƙu ne ya lura takardu sun taru a bayan ƙofa har ba a iya tura wasu. Da farko an ɗauka ajali ne kawai, sai likitan gawa ya ga alamar duka a ƙeyarsa. Aka damƙa aikin ga 'yan sandan farin kaya biyu, mace sufeto da saje namiji da ke ƙarƙashinta. Abin da abokan aikinsu ba su sani ba, su biyun soyayya suke yi. A ofis yana ce mata shugaba, da dare yana da makullin gidanta. Ƙa'idar aikinsu ta ce irin wannan alaƙa tsakanin babba da na ƙasa da shi sai an sanar, in kuwa aka sanar za a raba su wurin aiki. Suka zaɓi ɓoyewa. Rabin fargabar littafin ta wanda ya kashe tsohon ce, rabi kuma ta ranar da asirinsu zai tonu.

Da aka zo kaina na ce littafin ya riƙe ni, amma abu ɗaya ya dame ni. Tun daga bangon farko har na ƙarshe ban ga dangin masoyan nan ba. Sufeto ba ta da uwa? Saje ba shi da yaya ko gwaggo? Namiji yana kwana a gidan mace wata da watanni, babu wanda ya tambaya, babu wanda ya yi fushi, babu ma wanda ya yi murna. Suka yi dariya, ba ta mugunta ba. Sai dattijuwar nan, tsohuwar malamar makaranta ce mai fara'a, ta dafa hannuna ta ce, "To ku a ƙasarku ana rubuta irin wannan littafin? Ina jin ba zai yiwu ba, tunda na ji 'yan sandanku ba bincike suke yi ba, kuɗi suke karɓa." Da murmushinta ta faɗa, sannan ta miƙo min gwangwanin biskit. Na ce mata muna da marubuta da yawa. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan.

Sai kun zauna a ƙasar nan za ku gane yadda suke son labarin kisa. A laburare kanta guda ake ware masa. A babban kanti za ka gan shi jere kusa da inda ake biyan kuɗi, ka sayi burodi da madara ka haɗa da gawa ɗaya. Marubutansa suna da ƙungiya tun 1953, kuma duk shekara suna ba da kyauta ta musamman ga wanda ya fito da littafinsa na farko. A garin Harrogate ana taro duk watan Yuli, mutane su biya kuɗin otal don su ji yadda ake ƙirƙirar makashi. Alhali a Ingila da Wels, inda mutane suka kai miliyan 60, kisan da ake yi a shekara bai cika wuce 500 zuwa 700 ba. Tsohuwa ta sha shayinta, ta karanta kisa, ta yi barci lafiya, domin ta tabbata a shafin ƙarshe hukuma za ta kama mai laifi.

Zan ba su haƙƙinsu, domin na ga wasu abubuwan da idona a asibiti. In aka samu gawa, kafin komai sai a kewaye wurin da igiyar leda mai shuɗi da fari, a kafa tanti a kan gawar, a tsayar da kurtu ɗaya da littafi a hannu yana rubuta sunan duk wanda ya shiga da lokacin da ya fita, ko da kwamishina ne. Masu ɗaukar zanen yatsa su zo cikin fararen riguna na takarda tun daga kai har tafin ƙafa, don kada gashinsu ko guminsu ya gauraya da na mai laifi. Wasu su bi gida gida suna ƙwanƙwasa ƙofa. Wasu su zauna kwana da kwanaki suna kallon hoton kyamarorin titi. A ware jami'i guda wanda aikinsa kawai zama da iyalan mamaci, yana faɗa musu inda aka kwana. Duk maganar da wani ya faɗa sai an shigar da ita kwamfuta. Wannan ma wuya ce ta koya musu. A yankin Yorkshire wani mutum ya kashe mata 13, 'yan sanda suka yi masa tambayoyi har sau tara suna sakinsa, saboda bayanan suna kan katunan takarda da suka yi yawa har babu mai iya haɗa wannan da wancan. Sai a 1981 aka kama shi. Kunyar wannan ce ta sa suka sauya tsarin gaba ɗaya.

Abin da ya fi tsaya min shi ne agogo. A littafin, da zarar an kawo wanda ake zargi bayan kanta, kowa ya fara duban lokaci. Dokar da suka yi a 1984 ta ce awa 24 kawai za a riƙe mutum ba a tuhume shi ba. Babban jami'i na iya ƙarawa zuwa 36, daga nan sai majistare, shi ma ba zai wuce 96 ba. Sajen da ke tsare da mutumin ba ya cikin masu binciken, aikinsa kare haƙƙin wanda aka kama, ko da ransa bai so ba. Lauya kyauta ne. Barcin awa takwas dole ne. Tambayoyi kuwa sai na'ura tana naɗa. Bayan duk wannan, a babban laifi ba 'yan sanda ke yanke shawarar kai mutum kotu ba, wata hukuma ce daban ta masu gabatar da ƙara, wadda ta fara aiki a 1986. Sufeton littafin tana da yaƙinin ga wanda ya yi kisan a gabanta, amma lokaci ya cika, ta buɗe masa ƙofa ya tafi gida. Da na zo wurin sai da na ajiye littafin na yi shiru.

Garin da nake zaune ma yana da nasa tarihin. A Jami'ar Lesta ne Alec Jeffreys ya gano gwajin ƙwayar halitta na tantance mutum a 1984. An kashe 'yan mata biyu masu shekara 15 a ƙauyukan Narborough da Enderby, ɗaya a 1983 ɗaya a 1986, nan bayan gari. Wani yaro ɗan shekara 17 ya amsa laifin ta biyun da bakinsa. Gwajin ya nuna ba shi ba ne, aka sake shi. Ku tsaya a nan: mutum ya ce shi ya yi, hukuma ta ce ba ta yarda ba sai ta gwada. Daga nan aka ɗebi jinin dubban mazan yankin. Amma ku ji yadda aka kama makashin. Ya lallaɓi abokin aikinsa a gidan burodi ya je ya ba da jini a madadinsa. Abokin ya saki baki a mashaya a 1987, wata mata ta ji, ta kai wa 'yan sanda. Aka yanke masa hukunci a 1988. Na'ura ta wanke marar laifi, amma kunnen mace da ke zaune cikin mutane shi ya kamo mai laifin. Ku riƙe wannan.

Dalilin da maganar dattijuwar ta soke ni, akwai gaskiya a cikinta, kuma gaskiyar ta taɓa gidanmu. Ɗan gwaggona ɗan acaɓa ne. Wani fasinja ya ɗauke shi bayan magariba, aka tsinci gawarsa a bakin wata gona, babu babur. Kawu ya je caji ofis. Aka ce babu mai a mota, ya ba da kuɗin mai. Aka ce za a buɗe fayil, ya ba da kuɗin takarda. Kafin su isa wurin, rabin ƙauyen ya tattake sawun da ke nan. Babu wanda ya ɗauki hoto. Aka kama wasu samari biyu, aka ba su kashi, iyayensu suka sayar da akuya suka karɓo su, alhali a bangon ofishin an rubuta beli kyauta ne. Daga nan zancen ya mutu. Gwaggo ta ce ta bar wa Allah. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta san wanda ya kashe mata ɗa ba. Kun san irin wannan labarin, kowane gida yana da nasa.

Kuma ba doka muka rasa ba, shi ne abin takaicin. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, in babu, kwana biyu. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, wato a ɗauke uwa don ɗanta ya gudu. A 2017 aka yi dokar hana azabtarwa. Duk suna nan a takarda. Wanda ya taɓa kwana a bayan kanta shi zai faɗa muku ko sun iso can.

To amma wa ya kafa mana 'yan sandan nan, kuma don me? Wannan ce tambayar da na so in yi wa dattijuwar. Robert Peel ya kafa wa mutanen Landan 'yan sanda a 1829, ba bindiga, aka ce musu ku na jama'a ne. Har yau yawancin 'yan sandan da ke yawo a titin Lesta ba sa riƙe bindiga. Mu kuwa da suka zo mana, rundunar masu bindiga suka kafa a Legas, har suka laƙaba mata sunan Hausawa a 1879, aikinta tsare Bature da hajarsa da murƙushe wanda ya ɗaga kai. A 1930 aka haɗe ta arewa da ta kudu. 'Yan dokan En'e, da duk laifinsu, sun san ɗan wane da jikan wane, su ma aka narkar da su cikin ta tarayya bayan sojoji sun karɓi mulki. Yau Ingila da Wels suna da runduna 43, kowace da yankinta, mu ɗaya tal daga Abuja, a turo wa ƙauye ɗan sandan da ba ya jin yaren mutanen. Sun ajiye mai kyau a gida sun kawo mana ɗayan. Na san shekarun mulkin kai sun isa a ce mun gyara, ban wanke shugabanninmu ba. Amma wanda ya dasa abin ba shi ya kamata ya fara dariya ba.

Sannan laifi tudu ne. An kashe Stephen Lawrence, baƙar fata ɗan shekara 18, yana jiran bas a kudancin Landan a 1993. Duk igiyar ledar nan da fararen rigunan suna nan, amma sai a 2012 aka ɗaure mutum biyu, bayan uwarsa ta ƙarar da ƙuruciyarta tana bin ofisoshi. Kwamitin binciken da ya fitar da rahoto a 1999 ya ce wariyar launin fata ta yi kanta a rundunar. A watan Maris na 2021 ɗan sanda mai ci ne ya nuna wa Sarah Everard katin aikinsa, ya sa mata ankwa, ya tafi da ita ya kashe ta. A 2023 rahoton Louise Casey ya sake cewa rundunar Landan tana da wariya da wulaƙanta mata a cikin jininta. In kuma soyayyar 'yan sanda ake so, akwai ta gaske wadda ba ta da daɗin ji: 'yan sandan asiri da suka shiga ƙungiyoyin masu fafutuka da sunan ƙarya, suka yi zaman aure da matan da suke leƙen asirinsu, har da haihuwa, sannan suka ɓace. Tun 2015 aka kafa kwamitin binciken wannan. Ko a ƙananan laifuka, cikin laifi 100 da ake kai musu rahoto, waɗanda ake tuhumar wani a kansu ba su kai 10 ba. A sace maka waya ko keke a nan, lambar rahoto za a ba ka ka kai wa kamfanin inshora. Shafin ƙarshen da tsohuwa take barci a kansa, a littafi yake.

Mu ma in jama'a suka tsaya, ana yi. An sace Hanifa 'yar shekara biyar a Kano a Disambar 2021, a Janairu aka kama waɗanda ake zargi, a Yulin 2022 babbar kotu ta yanke hukunci. Gari gaba ɗaya ne ya ƙi yin shiru. Na san za a ce ɗaya ce cikin dubu, kuma haka ne. Amma ta nuna cewa ba basira muka rasa ba.

Yanzu ku koma kan tsohon littafin. Makonni yana kwance a falonsa. Maƙwabcinsa na dama ya ce sun fi shekara goma suna gaisawa ta kan shinge amma bai taɓa shiga gidansa ba. 'Yarsa tana wani gari, rabonta da kiransa tun Kirsimeti. A zaman namu babu wanda ya ɗaga wannan, domin a wurinsu ba abin mamaki ba ne. Ni kuwa ina ganinsa a wurin aiki. Tsoho ya yi wata a gadon asibiti, lokacin ziyara ya zo ya wuce kujerar gefensa babu kowa. In ya cika aka rasa mai karɓar gawa, ƙaramar hukuma ce take binne shi ko ta ƙona, doka ta ɗora mata. Ƙasar da sai da ta naɗa minista mai kula da kaɗaici a 2018. Ɗan gwaggona kuwa, tuwonsa bai gama hucewa ba aka san lafiya ba ƙalau ba. Kafin isha ta yi nisa 'yan'uwansa 'yan acaɓa sun bazu da fitilu suna nemansa, su suka gano shi. Sahun jana'izarsa har kan titi. Maƙwabta suka ɗauke girki har aka yi bakwai. 'Ya'yansa uku babu wanda ya kwana da yunwa, ɗaya a gidanmu ya girma. Su mutanen littafin sun san wanda ya kashe nasu, amma ba su san ranar da ya mutu ba sai da likita ya ƙiyasta. Da za a ce in zaɓa, wallahi na san inda zan tsaya. Ina son duka biyun, amma in ɗaya za a ba ni, a bar ni da mutane.

Shi ya sa ban yarda cewa ba za mu iya rubuta irin wannan littafin ba. Mu da muka tashi muna hayar littafi a shagon bakin kasuwa, muna ɓoye shi a tsakiyar littafin lissafi, mun san abin da ke cikin littattafan da ake raina wa da sunan na soyayya. Akwai gubar da aka zuba a kunu, akwai gadon marayu da baffa ya cinye, akwai jaririn da aka musanya, akwai takardar gidan da ta ɓace ranar sadakar uku. Duk bincike ne. Bambancin kawai, mai tono gaskiyar ba sufeto ba ce. Kaka ce da ta lura amarya ta daina cin abinci, ko 'yar aiki da ta ji abin da bai kamata ta ji ba, ko mai unguwa da ya tara mutane a zaure ya yi ta jan zance har wani ya yi tuntuɓen baki. Irin matar nan ta mashayar Lesta, mu a kowane lungu muna da ita. Marubutanmu sun yi wannan ba tare da kyauta ko taron otal ba, har da ƙona musu littattafai a bainar jama'a a Kano a 2007, kuma ba su daina ba. Yau suna WhatsApp da YouTube, mata kuma suna shiga gasar gajerun labarai ta Hikayata tun 2016. Da za a samu wadda za ta zaunar da 'yar sanda Bahaushiya a caji ofis na gaske, babu mai a mota, DPO yana jiran nasa, ita kuma ta nace sai ta gano wanda ya kashe ɗan acaɓa, da littafin ya fi wanda na karanta nauyi nesa ba kusa ba. Sufeton Ingila tana da komai a hannu. Tamu da ƙafarta da imaninta za ta yi.

Ko ɓangaren soyayyar ma mun fi su abin faɗa. A tsohuwar ƙa'idar 'yan sandan Najeriya, 'yar sanda ba ta aure sai ta rubuta wa kwamishina takardar neman izini, ta faɗi sunan manemin da sana'arsa, kuma sai ta yi shekara uku a aiki. Sai a 2012 babbar kotun tarayya ta soke wannan. Ku ɗora iyayenta a kai, da iyayensa da za su ce ba za a kawo musu mai kaki gida ba, da ƙawayen uwarta a gidan biki. Masoyan littafin nan shugaba ɗaya suke ɓoye wa, kuma ko sau ɗaya kalmar aure ba ta fito daga bakinsu ba.

Ban faɗa muku abin da ya biyo baya a gidana ba, kuma ina jin shi ne ainihin abin da ya zaunar da ni rubutun nan. Na bar littafin a kan teburin kicin. 'Yata, wadda ba zan kama sunanta ba don ta fari ce, ta ɗauka ta karance shi. Tana shekarar ƙarshe a jami'a. Muna wanke-wanke ta ce, "Umma, ni fa aikin nan nake so." Ashe ta daɗe da shi a ranta. A nan mai digiri yana iya shiga kai tsaye a horar da shi ɗan sandan bincike ba sai ya yi shekaru yana sintiri da kaki ba, rundunar Landan ta fara haka tun 2017, wasu suka bi. Ta riga ta shirya amsoshinta. Hijabi? An yarda da shi cikin kayan aiki. Salla? Akwai ɗaki. Ta ce in ba irinta suka shiga ba, wa zai zauna da uwar yaro baƙar fata in an kashe mata ɗa. Na rasa abin cewa, domin maganarta gaskiya ce, kuma ni na tarbiyyantar da ita a kan haka.

Ba wuƙar ɓarawo nake tsoro ba, rai na hannun Allah. Motar nan nake tsoro, wadda mutum biyu suke zama a ciki tun dare har asuba suna gadin wata ƙofa, yau da gobe, har ya zama babu wanda ya san damuwarka sai na kujerar gefe. Mashayar da ake zuwa bayan an tashi aiki, wanda bai je ba ya zama bare. Gidan sama mai ɗaki ɗaya a wani gari, inda babu wanda zai ƙwanƙwasa ya ce na ji shiru. Marubuciyar ba ta yi ƙarya ba, haka rayuwar take kai mutum. Sufeto ba lalatacciya ba ce, mace ce mai amana da ba ta da kowa sai aikinta da sajenta.

Da a Zariya muke, da ban ɗauki wannan ni kaɗai ba. Da gwaggwanninta sun zaunar da ita, wata ta yi faɗa wata ta yi lallashi. Ranar da wani ya fito yana sonta, baffanninta za su bazu unguwarsu, a tambayi limamin masallacinsu, a tambayi mai shagon bakin layi, a gano har wanda kakansa ya aura. A nan wa zai yi min wannan? Ni ce, sai babanta, sai wasu gidaje 'yan ƙalilan na mutanenmu da muke haɗuwa ranar Salla. Mun kawo su ƙasar da in an kashe su za a bi diddigi har ƙarshe, amma babu mai bin diddigin wanda zai aure su. Wannan lissafin ban yi shi ba ranar da muka hau jirgi, yanzu kuma kullum shi nake yi.

Babanta ya ce a bar ta ta yi istihara, mu kuma mu bi ta da addu'a. Na kira Yaya. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ke dai turo min ita ta yi mana hutu. Ta ga gidan kakanta, ta san tana da mutane, sannan ta je ta yi aikin da za ta yi." Na faɗa wa yarinyar. Ta ce za ta je, amma da sharaɗin kada kowa ya yi mata zancen miji. Yaya ta ce ita ta yi alkawari, amma ba ta ɗaukar wa sauran. Takardar neman aikin dai ta riga ta tura. Tikitin gida kuma babanta ya ce zai saya ƙarshen wata, na ce masa sai dai ya sayi biyu.